Man Rake a Tankin Barau

Tun da ruwa ya cinye hanyoyi, jirgin saman da Barau ya ƙera a bayan gidansa ne kaɗai mafitar ƙauyen. Bana kuma aka hana tsantsar fetur, sai gaurayen man rake.

Da hantsi ƙanwarsa Tasalla ta faɗo gidan ko mayafi babu.

"Yaya, kububuwa ta sari maigidana! Ka kai shi asibitin birni!"

Barau ya ɗauko gwangwanin gwajinsa, inda ya jiƙa ɓallin danƙon da ya shafe cikin tankin jirgin da shi a cikin sabon man. Ya matsa, danƙon ya lotse kamar tuwo.

"Sabon man nan cin danƙon yake yi. In ya narke zai toshe bututu, injin ya mutu muna sama."

"Minti nawa yake ɗauka?"

"Talatin."

"Birni fa?"

"Arba'in."

Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa. "Don Allah, Yaya."

Ya daɗe yana kallon yatsan da ya matsa danƙon da shi. Sannan ya jawo jarka ya fara ɗura mai.

"A ɗauko shi. Amma ke ba za ki hau ba, Tasalla. Yaranku ba za su rasa ku duka biyu ba."