Abin da Likita Ta Faɗa

A shagon ɗinkinta malamin makarantar da zai aure ta ya same ta, ta danne mararta da hannu kamar yadda take yi duk wata. Saura mako uku aurensu.

"Ranki ya daɗe, yau babu ko sannu da zuwa?"

Ba ta yi murmushi ba. Takardar asibiti ta miƙa masa.

"Likita ta ce irin naman cikin mahaifa ne ya tsiro mini a waje da mahaifar. Shi ke kumbura, yana lalata ƙwayayen haihuwa. Da wuya in samu ciki, Malam."

Ya daɗe yana duban takardar.

"Da wuya ta ce, ba ta ce ba zai yiwu ba."

"Kai kaɗai Mamanka ta haifa. Ka janye tun yanzu."

"Ba zan iya ba."

"To, kalle ni ka ce bayan shekara goma ba za ka ji haushina ba."

Bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ya durƙusa gabanta, idanunsa sun cika da ƙwalla. Ya kasa faɗa, ya kuma kasa tashi ya tafi.