Tafintar da Aka Ɗaure Jaka da Ita

Tunda ka dage sai ka sayi sabon kayan aiki, tsaya ka ji abin da ya sami wani mai gyara tukuna.

Mutumin nan ya koyi sana'a a wurin wani tsohon mai gyaran rediyo, tun lokacin da shago ke ƙamshin dalma da shayi, ana aiki ana sauraron zaɓi sonka. Da zamani ya juya aka fara sa wa injina 'yar ƙwaƙwalwa kamar ƙwayar gyaɗa, su ma suka bi. Ita ƙwaƙwalwar nan in ta rikice ba ta faɗin ciwonta, sai an jona ta da kwamfuta ta wata 'yar na'ura mai waya, wadda tsohon ke kira tafinta, sannan a ga inda ta cije. Kwamfutoci kuwa ƙabila-ƙabila ne, kowace da irin manhajar da ke tafiyar da ita. Shi ya sa tsohon ba ya karɓar tafinta sai ya zaga layi da ita: ya soka a kwamfutar mai hoto, da ta mai buga takardu, da ta malamin sakandare. Wadda ta gaisa da duka ukun ita ce tasa. Mutuminmu ya sha yi masa tsiya, wai Baba ya fita kai amarya gaida dangi. Da tsohon ya rasu, Allah ya jiƙansa, sai ya gaji tafintarsa, baƙa, duk an nannaɗe ta da salatif. Kunyar fito da ita yake ji. Ya sayo sabuwa mai fitilu kala uku, wadda ba ta jin yaren kowa sai na kwamfutarsa. Tsohuwar kuwa, da zif ɗin jakarsa ya lalace, da wayarta ya riƙa ɗaure bakin jakar.

Wata damina aka kira shi ƙauye. Injin ƙyanƙyasar wata mata ya daina ɗumi, ga ƙwan zabi ɗari uku a ciki, saura kwana huɗu su fashe, kuma su ne duk abin da ta tara. A hanya ruwa ya yi masa dukan kawo wuƙa, kwamfutarsa ta sha ta ƙoshi, ta ƙi tashi. Aka aro ta ma'aikacin asibitin garin, ashe wata ƙabila ce. Ya soka sabuwar tafintar. Ta kunna fitilunta uku kamar motar biki, ta ce sai an sauko mata da wani abu daga intanet, a garin da sai an hau tsamiya ake amsa waya. Matar ta ɗora ƙwai ɗaya a kumatunta, ta ce, "Malam, sun fara sanyi fa." Ya sunkuya zai sake kwance jaka, sai ya ga abin da ke hannunsa: tsohuwar tafintar. Ya goge ta da bakin riga ya jona. Ba fitila, ba gardama, rubutu ya zubo: ƙwaƙwalwar ta tsaya ne tana jiran ma'aunin zafi, wanda wayarsa ta saki. Ɗigon dalma ɗaya, injin ya ɗau ɗumi. Ranar jakar a buɗe ta koma gida, tafintar Baba kuwa a aljihun gaba, shi kuma yana tuƙi yana ta sharar ido, wai ruwan sama ne.

Ai Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.