Kan Sarki Mai Fuskar Malam

Ina ƙarama na raka Baba gidan waya a Bauchi, bayan samun 'yancin kai. Ya sayi sabon kan sarki mai hoton marigayi malaminsa. Bin malamin nan a gwagwarmayar neman 'yanci ne ya raba Baba da aikinsa. Ya ƙi lasar kan sarkin, sai ya jiƙa yatsa da ruwa ya manna shi a ambulan.

Ma'aikacin gidan wayar ya ɗaga hatimi.

"Don Allah kauce wa fuskar, malamina ne," in ji Baba.

"Malam, layi ya yi tsawo." Ya buga, tawada ta rufe idanun.

Baba ya juya, muka fita. A hanyar gida ya zauna gindin wata bishiya, ya daɗe. Sai da na manyanta na gane ba ƙafafunsa ne suka gaji ba.