Abin da Aka Ɗaure a Ƙugiya

"Asiri ne," in ji tsohuwar, tana nuna surukarta da yatsa. "Gashin tsuntsu, jan zare, ga furfura an ɗaure a ƙugiya. Furfurata ce, ko a duhu na san abata."

Tun zuwanta Dubai take tattara duk gashin da ya zube mata ta ƙulle a leda, don a benen da suke zaune a unguwar Karama babu ƙasar da za ta binne shi. Leda ta yi ƙafa, sai ga wannan abu a ƙarƙashin gadon ɗanta.

Surukar ta juya ta kalli mijinta.

Gogan ya sosa ƙeya. "Hajiya, nawa ne. Ƙwaron ƙarya nake haɗawa, kifi ya zaci abinci ne ya haɗiye. Na gwada gashin zomo, na gwada na barewa, wallahi babu mai ƙyalli a ruwa irin naki."

Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Kifin da na ci jiya fa, har ina suɗe hannu?"

"Furfurarki ce ta kamo shi."

Ta daɗa tamke ɗankwalinta, ta suri mayafi, ta fice, ta bugo ƙofa har sai da maƙwabta suka leƙo.