Allurar Hukumar Ruwa

Tun da hukumar ruwa ta kafa dokarta, duk itacen da ya yi kwana arba'in bai yi toho ba, sare shi ake yi. Ranar Talata Iliya, ma'aikacin hukumar, ya shigo lambun Tasalla ba sallama, ya soka allurar awon ruwa a idon reshen mangwaronta.

"Babu ruwa a ciki. Ya mutu."

"Barci yake yi," in ji Tasalla. "Ni na hana shi ruwa da gangan. Mangwaro sai ya ji ƙishirwa yake fure. Shekara hamsin babana yana haka, kai ko taki ba ka taɓa zubawa a gindin itace ba."

"Allura ba ta san barci ba, Hajiya. Abin da ba ya amfani ba zai sha ruwan gwamnati ba."

"To sare, in bazara ta zo ka tsotsi allurar taka."

Ya shafa wa itacen jan fenti, alamar sara, amma bai mayar da allurar aljihu ba. Ya tsaya yana kallon mahaifinta kwance a tabarma a inuwar, buta cike da ruwa kusa da kansa.

"Shi kuma tsohon nan," ya ce, "kwana nawa ke nan bai tashi ba?"