Ruwan Ƙetaren Hanya

Tun da aka fara rabon ruwan sama gunduma-gunduma, Baba Sallau ya daina duban gabas, sai rediyo. Da safen nan mai sanarwa ta ce yau za a saukar wa Tudun Gawo ruwan shuka, mutanen Rafin Kuka kuwa su ƙara haƙuri.

Rafin Kuka ne garinsu. Ya kasa zaune ya kasa tsaye, ƙarshe ya ɗauko ƙwaryar irin geron da ya rage musu.

"Baba, ina za ka da iri?" in ji 'yarsa Ladiyo. "Ba mu aka kira ba."

"Shamuwa ta sauka kan tsamiyar masallaci jiya."

"Ai ita ba ta jin rediyo, Baba."

Duk da haka ta bi shi gona. Hanya ce kawai ta raba gonarsu da ta ƙanensa Tanimu, kuma hanyar ce iyakar gundumarsu da ta Tudun Gawo. Hadari ya taso baƙi ƙirin, ba iska ba tsawa, ya tsaya cak a saitin hanyar kamar an yanke shi da wuƙa. Ruwa ya kece a ƙetare. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya iso su, amma ko ɗigo bai iso ba.

Tanimu ya tsallako sharkaf, ya kasa haɗa ido da wansa.

"Yaya, kawo irin mu shuka a tawa, mu raba."

Baba Sallau ya daɗe yana kallon busassun kunyoyinsa, sannan ya miƙa wa Ladiyo ƙwaryar.

"Bi baffanki. Ni zan tsaya, kada a saukar da namu ba kowa a gonar."