Falke da Inuwar Katanga

Zauna nan, Gambo, ka huce tukuna. Ka shigo kana huci wai ka gano mai yi maka zagon ƙasa, alhali ba ka ga hannun kowa ba. Bari in ba ka misalin wani falke.

Mutumin nan a kan hanya ya ƙare ƙarfinsa. Da kaka ta yi sai ya ɗaure kaya ya bi ayari, ba a sake ganin ƙeyarsa sai an fara sharar gona. Ka ga ke nan bai taɓa yin hunturu a gidansa ba. Da girma ya zo, sanyin ƙashi ya riƙe masa gwiwoyi, dole ya zauna. Maganinsa ɗaya a duniya, hantsi. Akwai wani wuri a tsakar gida da ake shimfiɗa masa buzu da safe, ya miƙe ƙafafu rana ta gasa su har ya iya takawa. Ran da bai sha hantsin nan ba, wallahi ko buta sai an miƙa masa. Kudu da shi akwai maƙwabci, magini, mutumin kirki, katanga ɗaya ta raba su. Bayan damina magini ya kwaɓa ƙasa ya yi wa katangar yaɓe kamar yadda kowa yake yi, falke yana zaune yana kallo, har da yi masa sannu da aiki.

To, ɗari ya fara sauka, wuni yana gajarta, sai falke ya lura inuwar katanga ta taɓa gefen buzunsa. Aka ja buzun gaba. Bayan 'yan kwanaki ta sake cim masa. Ya kafa tsinke a bakin inuwar, ba a jima ba ta haɗiye tsinken. Shi kuwa mutum ne da ya ga cuta iri-iri a kasuwannin duniya, ya ga huhun goro mai kyau a sama ruɓaɓɓe a ƙasa, saboda haka bai yarda akwai abin da ke motsi ba da hannun mutum ba. Ya ce a ransa, katanga ai ba dawa ba ce balle ta yi tsiro. Magini ne yake fakar idonsa yana ɗora mata ƙasa kaɗan-kaɗan, so yake sanyi ya kashe shi ya haɗe gidan da nasa. Matar falke ta ce, "Malam, haka take yi duk shekara, ni da nake shanya a wurin. Za ta tsaya ta koma." Ya dube ta sheƙeƙe ya ce ashe har da ita aka haɗa baki. Daga nan komai ya zama shaida. In magini ya leƙo gaisuwa, ya zo duba ko ya mutu ne. Kunun da matar magini take aiko masa da safe, sai ya sa a zuba wa kaji, ya zura musu ido ya ga wadda za ta fara faɗuwa. In ya ga laka a ƙafar magini, magini fa, sai ya gyaɗa kai ya ce asiri ya tonu. Bai taɓa buɗe baki ya tambaye shi ba, don a ganinsa ɓarawo ba ya cewa ni ne.

Ran nan magini ya tafi aiki ƙauye, falke ya kira 'yan ƙodago ya sa suka sare kan katangar har ta dawo iya ƙirji. Iyalin magini suna tsakar gida suna girki, sai ganin ƙartai suka yi a kansu, suka ruga ɗaki suna salati. Rana ta kwararo kan buzu, falke ya miƙe ƙafa yana murmushin wanda ya kama ɓarawo. Magini ya dawo ya tarar an yaye wa gidansa sutura. Ya daɗe tsaye yana kallon ɓaraguzan. Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba, ya kwashe iyalinsa ya kai gidan wansa, ya sa gidan a kasuwa. Falke ya sake kafa tsinke don ya nuna wa matarsa gaskiyarsa. Ikon Allah! Gida ba kowa, katanga guntuwa, ba mai taɓa ta, amma inuwa sai da ta wuce tsinken. Ta ci gaba da rarrafowa har kwanakin da wuni ya fi gajarta, dare ya fi tsawo, sannan ta tsaya, ta fara ja da baya da kanta. Sai a lokacin ya ɗaga kai ya ga rana ce ta karkata kudu, ga ta kuma tana dawowa. Kunya ta rufe shi, ya aika a ba magini haƙuri, aka ce ai an riga an gama ciniki.

Wanda ya sayi gidan attajiri ne, bai san falke ba, bai san gwiwarsa ba. Ya rushe komai ya tayar da bene daidai inda katangar take. Tun daga nan, da sanyi ya kama, rana ba ta sake sauka a tsakar gidan falke sai hunturu ya fita. Haka ya ƙare sauran kwanakinsa a ɗaki gaban kaskon wuta, hayaƙi yana cin idonsa, ƙafafu sun ƙage. Taki ɗaya na hantsi ya tashi ƙwatowa, ga abin da ya samu. Shi ya sa Hausawa suke cewa, garin neman gira a rasa ido.